Inna Fes da Ruwan Kifaye

A wani asibitin ido da ke hawa na biyu, a saman kantin masu sayar da katifu, akwai ɗan ɗaki a ƙarshen baranda wanda ba kowa ke shiga ba. Sito ne. A ciki ake ajiye tsintsiya da abin goge daɓe da kwalayen safar hannu, sai wata kujera mai ƙafa uku da aka daɗe ana cewa za a gyara. A ƙarƙashin taga kuma bokitai huɗu ne shuɗɗa a jere, cike da ruwa, kowanne an yafa masa farin ƙyalle. Mutum ɗaya ce ke da ikon taɓa su: mai sharar asibitin, wadda kowa ke kira Inna Fes.

Sunan nan a wurin aiki ta same shi. Duk abin da ta goge, tebur ne ko taga, sai ta ja da baya taku biyu, ta karkata kai ta ƙare masa kallo, sannan ta ce, "Fes." Tun ma'aikata na kwaikwayonta a ɓoye har suka koma kiranta da shi a gabanta, ita kuwa ta amsa abinta.

Tsabtar gadonta ta yi. Ita ce babba a cikin 'ya'ya tara, mahaifiyarsu kuma mace ce da ba ta haɗa tsabta da komai ba. A gidansu ko ruwa ba ya kwana. Abin da ya rage a randa da yamma a kan shukoki yake ƙarewa, da safe a ɗauraye randar a zuba sabo. Da wannan tarbiyya ta yi aure. Mijinta mai fenti ne, mutum mai fara'a da yawan zolaya, wanda kullum yake dawowa gida da ɗigon launi a gemu. Sun haifi uku. Autarsu na goye lokacin da tsani ya zame da shi a wurin aiki, ya karye a ƙugu, ya kwanta wata bakwai. A cikin wannan kwanciyar ne maƙwabciyarsu, wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista, ta ce mata asibitinsu na neman mai shara.

Ranar da ta fara aiki, abin da ya fara ɗaukar idonta shi ne akwatin gilashin da ke ɗakin jira. Tsawonsa ya kai rabin benci, cike da ruwa, da tsakuwa a ƙasa, da ganyaye masu lilo, da kifaye goma sha ɗaya suna kai da kawowa. Likita ne ya sa aka kawo shi. Ya ce mai ciwon ido da tsoro yake zuwa, gara ya sami abin kallo kafin a kira shi. Inna dai ba kifi ta gani ba. Gansakuka ta gani a kusurwar gilashi, da baƙi-baƙi a tsakanin tsakuwa, nan take hannunta ya fara ƙaiƙayi.

Ta daure har ranar Asabar, da aka tashi da rana kowa ya watse. Ta kwashe kifayen ta zuba a baho, ta zubar da ruwan duka, ta wanke gilashin da garin sabulu, ta dirje tsakuwar har ta yi fari. Ta jawo tiyo daga famfo ta cika shi taf, ta mayar da kifayen. Ta ja da baya ta ce abin da ta saba cewa, ta rufe ƙofa ta tafi gida da farin ciki.

Ranar Litinin da safe, tara daga cikinsu suna yawo a saman ruwa, cikinsu a sama.

Ba ta ɓoye ba. Ta jera su a kan faranti, ta tsaya a bakin ƙofa har Likita ya hawo.

"Ranka ya daɗe, ni na kashe su," ta ce. "Wallahi wanke musu gida na yi."

Likita ya dubi farantin, ya dube ta. Sannan ya ce wa Sista ta aika a kira Mai kifi, wanda ya kawo musu kifayen.

Mai kifi tsoho ne gajere, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar jarkoki. A kan keke ya zo. Bai ko kalli matattun ba. Ya sunkuya ya sunsuni ruwan akwatin, sannan ya ce ta miƙo hannunta, shi ma ya sunsuna.

"Sabulu," ya ce. "Da ɗanyen ruwa. 'Yata, kin haɗa musu biyu."

"Ɗanyen ruwa kuma, Baba? Dafa musu ake yi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tari ruwa a kofi daga famfo ya kai mata hanci. "Me kika ji?"

"Warin magani."

"Yauwa. A can gidan ruwa suke zuba shi don ya kashe ƙwayoyin cuta. Ni da ke, alheri ne gare mu. Kifi kuwa da ruwan yake numfashi, maganin nan ƙona shi yake yi ta ciki. Sai an tari ruwan a buɗaɗɗen bokiti an bar shi ya kwana biyu, maganin ya fice ya bi iska, ruwan ya huce ya ɗauki ɗumin ɗakin. Sannan ya zama nasu."

"Kwanannen ruwa?" Inna ta dafe ƙirji. "Da Innarmu na raye ta ji wannan, ai da sai ta kore ka da tsintsiya."

"To, kifi ba 'ya'yan Innarku ba ne," in ji shi.

A ranar ya zauna a kan kujerar nan mai ƙafa uku, ya tokare ta da bango, ya koya mata. Bokitin kifi nasu ne su kaɗai, sabulu ba ya kusantar sa har abada. A yafa masa ƙyalle mai shara-shara don ƙura, amma kada a rufe da murfi, ruwa na son numfashi. Ba a zubar da ruwan akwati duka, kashi ɗaya cikin huɗu ake ɗiba a mako, a zuƙo shi da siririn tiyo daga cikin tsakuwa inda datti ke kwanciya. Soson da ke tace ruwan kuwa a cikin tsohon ruwan ake matse shi, domin a cewarsa akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne masu sharar gaskiya.

"Abokan aikinki ne," ya ce. "Ranar Asabar kin sallame su duka ba laifin tsaye ba na zaune."

Tun daga nan makonta ya sami tsari. Talata da safe take tarar ruwa, Alhamis ta canza. Takan riga kowa zuwa, tun masu katifu ba su ɗaga ƙofar kantinsu ba. In ta gama shara da guga, sai ta shiga siton ta kife wani tsohon baho ta zauna. A wannan lokacin rana kan shigo ta taga a karkace. In ta ɗage ƙyallayen, hasken ya sauka a kan ruwan ya tashi sama, sai rufin ɗakin ya cika da wasu zobba masu rawa a hankali. A ranar farko ƙananan ƙwayoyin iska kan manne a jikin bokiti kamar an jera duwatsun wuya. A rana ta biyu sun tafi, ruwan ya kwanta luf, in ta sunsuna ba ta jin komai. Takan tsoma gwiwar hannu a bokiti, ta je ta tsoma a akwati, in fatarta ba ta ji bambanci ba, to ruwa ya yi.

Ita da tun tana 'yar shekara bakwai ba ta san zama ba, a nan ta koyi zama. Tana kallon zobban nan sai hankalinta ya tafi. Wani lokaci ta ga kanta tana tafiya a ƙarƙashin wani ruwa mai faɗi, zanenta na tashi a hankali, ba nauyin bokiti, ba kukan yaro, motocin titi suna wucewa can sama kamar inuwar jiragen ruwa. Ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta tabbata haka cikinsa yake. Sai ƙarar makullin Sista a ƙofa ta dawo da ita.

Kifaye biyun da suka tsira ta raɗa musu suna. Baƙin mai manyan idanu shi ne Mai tabarau, ɗayar mai doguwar jela da ke jan ta a baya ita ce Mai mayafi. Aka kawo sababbi suka cika akwatin. In tana tsiyaya sabon ruwa a kan tafin hannunta don kada ya tayar da tsakuwa, sukan taru suna ɗan tsattsaga mata yatsu, ita kuma tana yi musu faɗa ƙasa-ƙasa kamar jikoki.

Shekaru suka yi ta tafiya. Mai fenti ya miƙe ya koma aiki da ɗan ɗingishi, ya ce ta ajiye sharar ta huta, ta ce wa zai kwantar musu da ruwa? Yara suka girma, babbar ta yi aure, na tsakiya ya tafi koyon gyaran lantarki a wani gari. Mai kifi ya rage zuwa, daga baya ya daina. Wata safiya 'yarsa ta hawo da wani ɗan ƙunshi, ta ce Baba ya rasu, kuma ya ce a kawo wa mai sharar asibitin ido wannan. Ɗan injin hura iska ne, da siririn tiyo da wani dutse mai ƙofofi a bakinsa. Inna ta jona shi ta saka dutsen a bokiti, kumfa ta fara tasowa da wani ɗan sauti kamar tukunya a kan wuta kaɗan. Ta zauna a kan bahonta ta yi kukanta ita kaɗai, ta share fuska, ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

A shekararta ta goma sha bakwai a wurin ne ruwan ya fara ba ta haushi. Ta ɗage ƙyalle ta ga kamar an ɗiga madara a ciki. Ta ƙara masa kwana, ya zama uku, ya zama huɗu. Ta tace shi da sabon ƙyalle. Ta sa aka sayo sababbin bokitai. Duk a banza, akwatin ma ya yi dishi-dishi, kifayen sun koɗe, Mai mayafi ta koma kalar tsohuwar takarda. Sai ta shiga canza ruwa sau biyu a mako, har ta kai tana ɗibar rabi. Kifayen suka tsorata, suka laɓe a bayan ganye, suka rage cin abinci.

Ta zargi maigadi da tsoma kofin shayinsa a bokitinta, bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Ta ce wa Sista masu gidan ruwa sun lalace.

"Inna, ni fa ban ga komai a ruwan nan ba," in ji Sista.

"Ke dama yaushe kika taɓa ganin datti? Teburinki ma ba ni ke bin sa ba?"

Wata Alhamis Likita ya zo da wuri. Shi ma a lokacin furfura ta gama cinye masa kai. Ya tsaya a bayanta tana ta dirzar gilashi wuri ɗaya, ta huro masa iska ta sake dirzawa.

"Inna, me kike gogewa?"

"Wannan hazon, ranka ya daɗe. Ya ƙi fita."

Ya sunkuya ya duba. Ruwan garau yake, kai ka ce kifayen a iska suke shawagi. Ya ciro 'yar fitilarsa daga aljihu.

"Ɗago ki dube ni. Kalli kunnena." Ya haska dama, ya haska hagu, ya kashe fitilar. "Ajiye tsumman nan, zo ki zauna a kujera."

Shekara goma sha bakwai tana goge kujerar nan ta duba marasa lafiya, ba ta taɓa ɗora jikinta a kai ba. Ta zauna a ɗofane, ta sa haɓa inda aka ce. Da ya gama ya ce yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, ta dama ta fi nuna. Ruwanta lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Ashe na ɗauki alhakin maigadi."

Ta sauka har bakin ƙofa ta ba shi haƙuri. Amma maganar aiki a ido, nan ta tirje. Ta ga ɗaruruwa sun shiga ɗakin nan sun fito lafiya, ita ce ma ke wanke shi, duk da haka ta ƙi yarda. Da ta rasa hujja sai ta ce ai an ce wanda aka yi wa aiki ba ya sunkuyo, ba ya ɗaukar nauyi har mako huɗu. To bokitai fa?

Mai fenti ne ya kashe bakin maganar a gida. "Innar yara, shekara arba'in ina ɗaukar bokiti. Naki ne zai gagare ni?"

"Naka na fenti ne, Malam. Hannun nan naka mai warin kananzir ba zai shiga ruwana ba."

"To a yanke shi a sa mini sabo, tunda asibiti za mu."

Haka ya bi ta ranar Talata. Ta sa shi ya wanke hannu da ruwa zalla har sau uku, ta sunsuna, ta ce ya ƙara. Ya tari ruwa, ya yafa ƙyalle, ya tsaya yana jira.

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan. Sai jibi."

"Au, wannan ne aikin da kike ta yi mana taƙama da shi? Ki ajiye ruwa ki tafi?"

"Zauna ka gani," ta ce, ta tura masa bahon. Ya zauna yana gunaguni. Da ta ɗage ƙyalle ɗaya hasken ya hau rufi, sai ya ɗaga kai. Ya daɗe da kai a sama. Can ya ce a hankali, shi duk tsawon aikinsa bai taɓa haɗa launin da ya yi wannan ba.

Aka yi aikin idon dama ranar Laraba. Ba ta ji zafi ba, sai wasu fitilu da ta riƙa gani suna narkewa suna haɗuwa, ja da shuɗi, da muryar Likita can nesa yana cewa ta kusa. Washegari da safe Sista ta ɓare bandejin a hankali. Inna ta ƙifta, hawaye ya zubo, ta sake ƙiftawa. Rigar Sista fara ce har tana ɗaukar ido. Ba ta jira an nuna mata allon haruffa ba, ta miƙe ta dafa bango ta nufi ɗakin jira.

Mijinta na tsaye a wurin da tiyo a hannu, ya jiƙa gaban rigarsa sharkaf. Ba ta ko kula shi ba. Mai mayafi ta taso daga bayan ganye, ruwan goro jawur, jelarta na buɗewa tana rufewa, kowane zare a cikinta a bayyane. Ganyen kore shar. Akwai wasu ƙananan kifaye da aka kawo bara, waɗanda ta ɗauka masu ruwan toka ne, ashe kowanne da zane shuɗi a gefensa mai walƙiya. Har wani ɗan dodon koɗi ta gani yana hawan gilashi, wanda ba ta san da zamansa ba. Ta rufe idon dama da tafi, hazo ya dawo. Ta buɗe, ya tafi. Ta yi haka ya fi sau biyar, marasa lafiyar da ke benci suna kallonta suna murmushi.

Da suka koma gida ta tsaya turus a ƙofar ɗakinta. Bangon ruwan hoda ne mai ihu, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen layi.

"Malam! Wane ne ya yi mini wannan ɗanyen aikin?"

"Ke kika sa ni," ya ce. "Bara sau uku kina cewa bai fito ba, in ƙara ja. Ni kuwa na ce to, mai ɗaki ta fi ni sanin ɗakinta. Shekara guda ina kwana a cikin alewa ban ce uffan ba."

Ta yi dariya har sai da ya tuna mata an hana ta girgiza kai.

Bayan wata biyu aka yi na hagu. Ta koma canjin ruwa sau ɗaya a mako, kifayen suka fito daga maɓoyarsu. Ta ƙara shekara uku tana aiki, sannan gwiwoyinta suka ce sun gaji da matakala da bokiti. Aka ɗauki wata mata mai matsakaicin shekaru, Inna ta yi wata guda tana koya mata kafin ta miƙa makullin sito.

Har yanzu takan zo ranar Alhamis, ta hau matakalar a hankali tana hutawa a tsakiya, ta zauna a bencin da ke kusa da akwatin. Wata ranar ta tarar da wani dattijo a wurin, an ɗiga masa magani, idanunsa a rufe, hannunsa a kan sandarsa.

"Baiwar Allah," ya ce, "ƙarar ruwa nake ji. Famfo aka bari a buɗe?"

"A'a, Baba, kifaye ne a gabanka."

"Kifi? A asibiti? Me suke yi?"

Inna ta gyara zama. "Yanzu dai ga wani baƙi nan ya sauka ƙasa, yana ɗaukar tsakuwa a baki yana tofarwa. Ga wasu ƙanana su shida sun taho a jere, sun juya gaba ɗaya kamar an kira su. Ga wata kuma ta tsaya daidai fuskarka, kai take kallo."

"Ni?" Dattijon ya gyara hularsa. "To ki ce mata ta yi haƙuri, gobe in Allah ya yarda zan rama."

Sista ta leƙo ta kira shi. Inna ta kama masa hannu ta raka shi har bakin ƙofa.